Jitar dubu 92 da Fender ɗin Oga: yadda gyaran ke tafiya

Asabar 2 ga Nuwamba 2024

To yau dai na sayo ta. Jitar lantarki baƙa mai farar fuska, kwaikwayon Stratocaster, shahararriyar jitar kamfanin Fender na Amurka, sunan da aka manna a kanta ban taɓa jin sa ba kuma na bincika a waya ban ga ko labarin kamfanin ba, a kwali dai an rubuta daga Sin take. Mai shagon ya fara da dubu 120 muka yi ta ja har ya sallama a 92, ya haɗa min da jaka mai kamar buhun taki da wata igiyar jona ta da amfi (na'urar ƙara sauti) da tun a shagon na san ba za ta yi sati ba. Akwai wata Squier ta hannu, wato 'yar arhar da kamfanin Fender ke yi, rataye a gefe, ya ce 185 babu ragi, na ɗauka na shafa ta na mayar sbd aljihuna bai kai can ba.

Abin da ya ja wannan rubutun gardama ce tsakanina da Oga. Shi ke koya min tun bara, yana kaɗa wa wani coci a Sabon Tasha, kuma yana da Fender Player ta Meziko da ɗan'uwansa ya kawo masa daga waje, sabuwarta a kuɗinmu na yanzu ta haura miliyan. Da na ce masa zan sayi ta arha sai ya ce ƙanena ka yi haƙuri ka tara, araha ba ta ado. Ni kuma sana'ata gyaran waya, kullum ina buɗe kaya masu tsada da masu arha, wani lokacin suna kawai ka saya wani lokacin kuma bambancin na gaske ne, sai ka kwance za ka sani. Na ba kaina wata biyu in ga iya inda wannan za ta kai.

Lahadi 3 ga Nuwamba

Na kai ta gidan Oga da yamma muka kwantar da su biyun a kan katifa. Daga bakin ƙofa ba ka banbance su wlh. Da ya ɗauka ya danna kod ɗaya, wato tsirkiyoyi da yawa a tare, sai ya yi dariya ya miƙo min.

Tsirkiyoyin sun yi sama da wuya sosai, mun sa rula a firet na 17 (firet su ne ƙarafan nan da ke gicciye a kan wuya) ta nuna kusan milimita 4, tasa ba ta kai 2 ba. In ka saita ta daidai da tuna, na'urar auna sauti, sannan ka danna kod a firet na farko sai ka ji kamar ba a saita ba, ya ce ramukan not ɗin ne ba su yi zurfi ba, wato wannan ɗan farin abin da tsirkiyoyi ke hawa a kai a saman wuya, nawa na roba ne kuma kamar da wuƙa aka tsaga shi. Jikinta ya fi tasa siranta da rashin nauyi. Mun kwance murfin baya, ƙarfen da sifirin ke kamawa nawa ɗan siriri ne kamar biskit, nasa kauri cike da ramin. Kunnuwan ɗaure tsirkiya biyu suna wasa, ka murɗa babu abin da ya motsa sai ka ƙara sannan ya zabura ya wuce inda kake so.

Amma da aka jona ta a amfi sauti ya fito, kuma ba mummuna ba. Oga bai ce komai ba a kan wannan, ni dai na lura.

Abin da ke ƙara min ƙarfin gwiwa, Leo Fender ɗin da ya fitar da Stratocaster a 1954 shi ma mai gyaran rediyo ne a Fullerton can Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba. Ya tsara ta ne yadda za a kwance a ɗaure da sukundireba, wuya sukurori huɗu ke riƙe da shi, kayan wuta duk a jikin farar robar nan ɗaya suke. Abin da mai gyaran rediyo ya haɗa ai mai gyaran waya ba zai ji tsoron buɗewa ba.

Talata 5 ga Nuwamba

Alanki da ƙaramin magagari mai baki uku 4,500. Tsirkiya sabuwa saiti ɗaya, mai lambar kauri 9 zuwa 42, dubu 7.

Na yi ɓarna ta farko. A cikin wuyan akwai rodi da ake murɗawa don a miƙar da shi in tsirkiyoyi sun lanƙwasa shi. Nawa ya lanƙwashe sosai, to ni da gaggawa sai na zura alanki na ba shi juyi guda cikakke har na ji wata 'yar ƙara kamar ƙashi ya motsa, gabana ya faɗi. Na ɗaure tsirkiya, daga firet na ɗaya zuwa na biyar babu sauti sai zzzz, wuyan ya koma baya kenan ya yi doro. Na kira Oga ƙarfe goma na dare, ya ce kai wa ya aike ka, kwata ake yi, kwatan juyi, ka bar katako ya kwana ya huta sannan ka sake aunawa. Na sassauta rabi na rataye ta na kwanta ina ta tunanin dubu 92.

Alhamis 7 ga Nuwamba

Rodin bai karye ba, Alhamdulillah. Na aro fila geji wurin makanikin da ke gefen shagonmu, wanda yake auna bawul da shi. Ana danne firet na farko da na ƙarshe a lokaci guda sai a auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya ta shida da firet na 8, milimita 0.25 ake nema. Yanzu ta zauna a nan.

Lahadi 10 ga Nuwamba

Yau tun safe har la'asar a kan firet nake. Da na sauko da tsirkiyoyi zuwa milimita 2 sai ƙarar zzz ta dawo amma a wurare daban daban, 7, 12, 14, kuma in na ja tsirkiya ta ɗaya sama a firet na 15 sai sautin ya mutu ɗif a tsakiyar hanya. Na yanka tsohon katin ATM ina ɗora gefensa a kan firet uku uku, in ya yi rawa to na tsakiyan ya fi sauran tsawo. Na samu guda bakwai masu tsawo cikin 21, biyu ma ba su zauna cikin katakon ba, da farce ina iya ɗaga bakinsu. Waɗannan na ɗiga musu sufa gulu na matse da katako.

Sauran kuma sai gogewa. Mai haɗa tagar alminiyam ya ba ni guntun kwana miƙaƙƙe kyauta, na manna masa samfefa mai lamba 320, na cire tsirkiyoyi na miƙar da wuya sak, na rufe katakon da tef na takarda, na shafa wa kan kowane firet baƙar maka, sannan na riƙa gogawa a hankali har makar ta goge a ko'ina. Bayan nan kawunansu sun zama fili dole ka sake zagaye kowanne da magagari ɗaya bayan ɗaya ka bar ɗan siririn layi a tsakiya, nan ne bayana ya gaya min gaskiya. Awa shida. Samfefa da tef da maka 2,300.

Ina cikin yi na gane wani abu. Yanka katako da fafe ramuka yanzu inji mai kwamfuta ke yi a kusan kowace masana'anta, Sin ko Indonesiya ko Meziko, shi ya sa daga nesa duk kamarsu ɗaya. Amma wannan zaman na awa shida mutum ne zai yi shi da hannu, kuma jitar da za a sayar min dubu 92 a Kaduna bayan an biya jirgin ruwa da kwastan da motar Legas da ribar mutum uku, babu wanda zai zauna mata ko minti ashirin. Kuɗin zaman ne aka cire aka bar min in yi da kaina.

Laraba 13 ga Nuwamba

Atisaye kawai, minti 40. Milimita 1.8 babu zzz. Yatsuna sun huta.

Lahadi 17 ga Nuwamba

Not. Na ga na ƙashi a intanet amma da kuɗin aikowa ya kusa dubu goma, na ce ƙashi fa, a garin da ake yanka shanu kullum. Na je mahauta na samu ƙashin ƙafar sa na ba yaron 500. Na dafa shi da omo har sau uku na zubar da ruwa, na cire ɓargo, na shanya. Umma ta tarar da ni da tukunyarta ta ce wannan kuma wane irin tsafi ne, na ce Umma aikin jita ne, ta ce to tukunyar ta zama taka kar ka dawo min da ita kicin. Yanzu yana cikin gwangwani a jiƙe da fetur don maiƙon ya fita, in ba haka ba gam ba ya kama shi.

Asabar 23 ga Nuwamba

Na yanka, na goge, na siffanta shi ya shiga ramin daidai, warin ƙashi in ana goga shi kamar ana babbakar kai, ƙanena ya gudu daga ɗakin. Magagarin tsaga ramukan not na gaske tsada ne da shi, sai na aro alluran nan da masu walda ke share bakin toci da su, kowace da kaurinta. Biyar sun tafi lafiya. A ramin tsirkiya ta uku kuwa ina ta goga ina kallon bidiyo a waya, na ƙara uku huɗu da bai kamata ba, tsirkiyar ta kwanta a kan firet na farko. Shi kenan aikin kwana biyu.

Na gwada cike ramin da garin ƙashi da sufa gulu na sake tsagawa, ya yi, amma raina bai kwanta ba don duk sanda na kalle shi ina ganin tabon.

Lahadi 24 ga Nuwamba

Na yi na biyu daga sauran ƙashin. Wannan karon goga biyu in tsaya in auna: danna a firet na 3, a duba saman firet na 1, tazarar ta zama kamar kaurin takarda. Na shafa bakin fensir a ramukan don tsirkiya ta riƙa zamewa. Kod ɗin farko da na danna na ji shi tsaf kamar na Oga, na zauna ina ta maimaita shi kamar wawa. Cikin duk abin da na yi zuwa yanzu wannan ƙashin na 500 ya fi canja ta.

Alhamis 28 ga Nuwamba

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa. Na zame hannu daga sama zuwa ƙasa sai na ji zafi, gefen yatsana ya tsage har da jini. Bakunan firet duk sun fito waje kamar haƙoran zarto, alhali sati biyu da suka wuce ba haka suke ba. Katako ne ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuma ba ya tsukewa. Na tura wa Oga hoto ya ce shi tun farkon wata ya sa jiƙaƙƙen soso a cikin robar sabulu mai huji ya ajiye a akwatin tasa, kuma ba ya barin ta a waje. Ni tawa a jikin ƙusa take kusa da taga tana shan ƙura.

Na goge bakunan duka 42 da magagari. Wuyan ma ya sake motsi, kwatan juyi na sassauta.

Lahadi 1 ga Disamba

Saitin gada, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar, kowace da nata sirdin. Kowace tsirkiya a firet na 12 dole ta ba da sauti ɗaya da na sake, in ya yi sama a ja sirdin baya, in ya yi ƙasa a tura gaba. Ta shida sirdinta ya kai ƙarshe bai isa ba sai da na yanke rabin sifirin. Sukurori biyu kansu ya cinye, ƙarfen laushi gare shi kamar alawa.

Asabar 7 ga Disamba

Ranar haushi.

Ƙugin nan na hmmmm da take yi in an kunna amfi ya dame ni. Wani sashensa ba laifinta ba ne, fikof, wato maganaɗisu da naɗin waya da ke ɗaukar sautin tsirkiya, in mai naɗi ɗaya ne haka yake, yana tsinto ƙugin wutar gida, tamu mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Oga ma tana yi in ya sa suwic ɗin zaɓen fikof a 1 ko 3 ko 5, a 2 da 4 ne suke yin shiru don fikof na tsakiya an naɗe shi a juye. Amma tawa har da wani tsss da ke ƙaruwa in na matso kusa da cajar waya ko kwan lantarki, don cikin ramukanta katako ne tsirara babu wani rufi. Na sayi foyil na gashin kifi da gam 2,200 na liƙe ramukan da bayan farar robar na haɗa da wayar at, wato wayar ƙasa. Na ɗaure komai, sukurori goma sha ɗaya, na sa tsirkiya, na saita, na jona. Shiru. Na yi murna na daƙiƙa biyu kafin na gane shirun ya yi yawa, ko sautin jitar babu. Na sake kwancewa, mita ta nuna min bakin jak yana taɓa foyil in an zura igiya. Ni da nake yi wa yaran shago faɗa a kan irin wannan. Tef ɗin wuta ya gyara, tsss ɗin ya ragu sosai, hmmm ɗin yana nan.

Da daddare aka ɗauke wuta maƙwabci ya ta da janareta na jona amfin, ƙafata babu takalmi a kan siminti, ina taɓa tsirkiya na ji ta fizge ni har gwiwar hannu. Tsirkiyoyin a haɗe suke da jikin amfi ta wayar at, soket ɗin ɗakina kuma ba shi da at ko kaɗan. Na kai wa Baba mai gyaran rediyo amfin da safe ya samu wata kafasito tana yoyo ya canja, ya ce ɗana wannan ko ta miliyan goma ka riƙe sai ta ja ka. Bai karɓi kuɗi ba.

Talata 10 ga Disamba

Kunnuwan da na yi oda daga Legas sun iso, 24,000 da kuɗin mota 3,000. Ba su shiga ba. Ramukan kan jitata milimita 8 ne su kuma 10 suke so, ban auna ba kafin in tura kuɗi. Na zauna ina kallon su.

Lahadi 15 ga Disamba

Kafinta ya faɗaɗa ramukan 1,500, na roƙe shi ya shiga rabi ta gaba rabi ta baya don kar ya tsaga, duk da haka ɗaya ya ɗan ɓantare ta baya, wanki ya rufe shi. Saiti na biyu na tsirkiya, 7,000, na farkon sun gaji da kwancewa da ɗaurewa. Yanzu in na saita da safe har dare tana nan, sai dai in na taɓa sandar girgiza, ita kam ko sau ɗaya na danna sai uku sun sauka. Ta Oga a kan ƙusa biyu gadarta ke lilo tana komawa inda take, tawa sukurori shida ne kuma ramukansu ba su ma jeru ba. Na haƙura, na sassaƙa guntun katako na cusa a baya na kashe ta gaba ɗaya. Dama kiɗan da nake bi na mutanen Agadas ne, yatsa ke aikin ba sanda ba. A katin memori na wani kwastoma na fara jin irin kiɗan shekarun baya, kuma duk sanda na fara ƙorafi a kan kayan aiki sai in tuna Mdou Moctar, makaɗin jitar nan ɗan Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Asabar 21 ga Disamba

Bolyum uku masu om dubu 250, suwic mai hawa biyar da jak, 11,000. Tsohon bolyum ɗin daga 10 zuwa 8 yake aiki, ƙasa da haka mutuwa ce, suwic kuma yana ƙarar tsakuwa. Wannan fagena ne, minti 50 na gama da dalma mai kyau. Na auna fikof ɗin, kowanne om dubu 5 da ɗoriya. Na juya su na ga maganaɗisun baƙin sanda ne na siramik da aka manna a ƙasa da gam, na Oga kuwa sandunan shida da kansu ne maganaɗisun, alniko, haɗin alminiyam da nikel da kobalt. A nan ake cewa bambancin sauti yake, za mu ji.

Litinin 23 ga Disamba

Na bi Oga wurin atisayensu na Kirsimeti ya bar ni na jona a babban amfi kafin mutane su taru. A ƙaramin ɗakina lafiya lau take, amma nan ana ƙara murya aka taka fedar distoshan mai kausasa sauti sai ta saki wani ihu fiiiii kamar an taka ɗan kwikwiyo, ko na danne tsirkiyoyi duka ba ta dainawa. Mai ganga ya toshe kunne. Oga ya ƙwanƙwasa fikof da farce muka ji ƙwas ƙwas a sifika, har ya yi magana a bakinsa muka ji muryarsa. Wayar naɗin ce a sake tana rawa, ba a jiƙa ta da kaki ba. Ya jona tasa a daidai wannan ƙarfin, tsit. Ya kalle ni ya ɗaga gira, na ce Oga ba a gama ba tukuna.

Lahadi 29 ga Disamba

Kakin zuma da kyandir 2,500, kashi ɗaya na zuma kashi huɗu na kyandir. Na narka a gwangwanin madara a cikin ruwan zafi, a tukunyar da Umma ta sallama min, ba a kan wuta kai tsaye ba don kaki na kamawa, kuma in ya yi zafi da yawa robar fikof ɗin narkewa za ta yi. Na tsoma kowanne kamar minti 15 har kumfa ta daina fita. Na gaba da na baya lafiya. Na tsakiya ina ɗagowa maganaɗisun ya saki ya nutse ƙasan gwangwani. Na kamo shi da cokali na goge na manna na haɗa komai.

Suwic a 1 daɗi, 3 daɗi, 5 daɗi, 2 da 4 kuma sai wani siririn sauti ta hanci kamar sauro a kunne. Na kusa awa ina bin waya ɗaya ɗaya ina zargin dalmata kafin ya faɗo min, na buɗe kamfas na waya na kara a kan kowane fikof, duka ukun gefe ɗaya suke nunawa alhali na tsakiya ya kamata ya saɓa. A kife na manna shi. Na ɓamɓare na juya. Saiti na uku na tsirkiya 7,000, ta ɗaya ta tsinke a wurin kwancewa.

Asabar 4 ga Janairu 2025

Ranar gwaji, a falon Oga. Mun rataya zanin gado, shi yana baya da jita biyu da amfi ɗaya, mu biyar a gaba: mai ganga, mai fiyano, ƙanena, makaniki da Baba mai rediyo da na ɗauko a mashin. Sau goma zai kaɗa abu ɗaya, kowa ya rubuta wacce ce. Matar Oga ke riƙe da takardar amsa don kar a ce an yi maguɗi.

Mai fiyano ya ci 7, mai ganga 6, ƙanena 5, makaniki 4, Baba ya ce shi duk ɗaya yake ji a ba shi shayi. Inda mai fiyano ke kama ta a fikof na baya ne, ya ce tawa tana da tsini tana soka kunne, ta Oga kuma kamar an goge bakin. Gsky nima na ji hakan. A fikof na gaba kuwa ko shi cewa ya yi canka yake.

Sai aka juya, ni na koma bayan zani Oga ya zauna. Ya ci 8, amma ya ce ba sautin ya bi ba, ni ya bi, in na riƙe tasa a tsorace nake kaɗawa kamar na ɗauki jaririn wani.

Na ƙarshe shi ya kashe ni. Muka ɗaure masa ido da ɗankwali na ɗora masa tawa a cinya, ko tsirkiya bai taɓa ba, hannunsa na kama wuyan ya ce taka ce. Nauyi, santsin bayan wuya, gefen katakon da nasa a zagaye yake nawa da kaifi, ya ce har sanyin ƙarfen gada daban ne. Amma bai ajiye ta ba, ya ci gaba da kaɗawa kusan minti ashirin ido a ɗaure muna zaune, da ya kwance sai ya ce not ɗin nan wa ya yi maka. Na ce ni. Ya ce za ka yi min ɗaya a tsohuwar jitata ta katako.

A babban ƙarfi ihun ya tafi.

Asabar 11 ga Janairu

Na zauna na haɗa lissafi, da kuɗin jita da komai 164,500, ban sa ranakun da na rufe shago da wuri ba, ban sa tukunyar Umma ba. Tsakanina da Squier ɗin nan da na shafa na mayar saura 20,500 kenan, kuma na biya ta shagon jiya an sayar da ita. Abin ya ɗan tsaya min a rai don ita ma ai amsar wannan gardamar ce, Fender da kansu suka fara yin ta a Japan a 1982 lokacin da masu kwaikwayo na can suka dame su a kasuwa, da na ƙara haƙurin wata ɗaya wataƙila rabin wahalar nan ban sha ba. Wataƙila kuma da ban san yadda ake tsaga not ba.

Wani abin da ban so gani ba, firet na 2 da na 3 ƙarƙashin tsirkiya ta biyu har sun fara kwarmi, wata biyu kacal, na Oga shekara huɗu yana duka kullum da ƙyar ake ganin alama. Ƙarfen ne mai laushi kuma wannan ba abin da samfefa za ta yi masa, ranar da suka cinye sai dai a cire duka a sa sababbi, ko a sayi wani wuyan.

Abin da ya rage: fikof na baya, in na samu alniko na hannu ƙasa da dubu 15 zan canja shi kaɗai in bar sauran biyun. In zagaye gefen katakon wuya da samfefa. In damina ta sauka a sake auna rodi don katakon zai sha ruwa ya motsa. Da akwati na gaske, jakar nan zif ɗinta ya mutu tun Disamba.

Jitar ma ba ta hannuna yau. Oga ya turo yaro da safe wai suna da biki a fili a Kachia, hanya ƙura wuri ƙura ba ya so ya fita da tasa, in ba shi aron tawa zuwa Litinin. Na ce wa yaron ya gaya masa kar ya taɓa katakon da na cusa a baya, kuma ta ɗaya in ta tsinke shi zai saya.